Ikarus 280, doguwar bas mai lanƙwasa a tsakiya

Tsawonta mita 16 da rabi, faɗinta mita 2 da rabi. Ƙofofi huɗu gare ta, tayoyi takwas, direba ɗaya. Idan ta cika ta batse tana kwashe mutum wajen 150, kuma masu samun kujera a cikinsu ba su kai 40 ba. Kamfanin Ikarus na ƙasar Hangari ne ya ƙera ta, tun daga 1973 har zuwa 2002, kuma kafin a daina an fitar da sama da 60,000. A cikin dogayen bas masu gaɓa a tsakiya, babu wadda aka ƙera da yawa kamarta.

A Mosko na san ta, a shekarun 1980, zamanin da aikin ƙarfe na Ajaokuta ke bakin kowa ana ta tura ɗalibanmu Tarayyar Sobiyet karatun injiniya. Ita ke kai mu makaranta, ita ke dawo da mu masauki. Da na dawo gida na kama aikin kula da injuna a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a nan ƙuruciyata ta ƙare. Yanzu da ake ta maganar manyan bas da titinsu na musamman daga Kawo zuwa Sabon Tasha, na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da wannan mota. Ba don a sayo mana ita ba, an daɗe da daina ƙera ta. Dalilina shi ne, duk wanda zai zaɓar wa Kaduna doguwar bas, tambayoyin da masu zanen wannan mota suka amsa su ne za su tare shi a hanya.

Kafin zuwan bas mai gaɓa, biranen Turai da jama'a suka yi wa yawa dabara ɗaya suke yi: a ɗaura wa bas wata bodi a baya, mai kujeru ba inji, ta riƙa janta. Abin yana aiki, amma da tsada da haɗari. Bodin baya sai an ba ta nata kwandasta. Fasinja ba shi da halin tsallakawa daga wannan zuwa waccan, sai ka ga gaba a cushe, baya da sauran wuri. Ga ratar da ke tsakani, inda mai gaggawar tsallaka titi kan faɗa direba bai gani ba. Jamus ta Yamma ta hana ɗaukar fasinja a irin wannan bodi daga 1960, shi ya sa kamfanonin can suka koma wa mota guda mai gaɓa. A Budapest kuwa, babban birnin Hangari, ma'aikatan garejin kamfanin bas na birnin ne suka fara, a wannan shekara ta 1960. Tsofaffin motocin da ke hannunsu suka yanka, suka haɗa, suka fito da doguwa mai lanƙwasa, ta hau titi ta ɗebi mutane. Duk sanda na ratsa Tsohuwar Panteka na ga yadda ake yanka ƙarfe ana fitar da injin niƙa da injin buga bulo, wannan labari ne ke faɗo mini a rai.

Shi ma kamfanin Ikarus daga maƙera ya taso. A 1895 wani maƙeri, Imre Uhry, ya buɗe wurin ƙera kekunan doki a Budapest, abu ya yi ta girma har gwamnati ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun 1960 ya fitar da doguwar bas ɗinsa ta farko, Ikarus 180. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne rabon aiki da ƙasashen gurguzu suka yi a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta tattalin arziki, Comecon, inda aka bar wa Hangari ƙera manyan bas. Kasuwa ta buɗe tun daga Jamus ta Gabas da Polan har ƙarshen Sobiyet, ga Kyuba, ga wasu ƙasashen Larabawa da Afirka. Mutanen Darussalam a Tanzaniya da suka manyanta har yau suna tuna dogayen Ikarus na garinsu. A 1967 kamfanin Rába da ke garin Győr ya sayi lasisin ƙera injin dizal daga kamfanin MAN na Jamus ta Yamma, aka sami injin da za a dogara da shi. A shekarun da kasuwar ta fi ci, Ikarus kan fitar da bas sama da 10,000 a shekara.

Wanda ya zana surar wannan jerin motoci, da ake kira jerin 200, shi ne László Finta. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bai zana mota ɗaya ba, gida guda ya zana. Ikarus 260, mai tsawon mita 11, ita ce ta cikin gari marar gaɓa. Idan ka ɗauki gabanta ka ƙara gaɓa da bodin baya, ka sami 280. Fuska ɗaya, tagogi iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, inji ɗaya. Garejin da ke da motocin biyu ba ya bukatar sito biyu na kayan gyara, kuma bakaniken da ya iya ɗaya ya iya ɗayar. Duk wanda ya taɓa riƙe sito a masana'anta ya san darajar wannan. Inji nawa na gani a tsaye wata da watanni saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya da ba ya shiga na maƙwabcinsa.

Injin nan shi ne zuciyar zanen. Silinda shida ne a jere, girmansa ya ɗan haura lita 10, ƙarfinsa doki 192, daga baya aka sa masa turbo ya kai 220. A kwance yake bisa gefensa, a ƙarƙashin daɓen motar, tsakanin ƙafar gaba da ƙafar tsakiya. Da yake an kwantar da shi, bai ci wa fasinja ko taku ɗaya ba: tun daga bayan direba har gilashin ƙarshe daɓe ne shimfiɗaɗɗe. Daga injin sai giya, sai gajeriyar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, zuwa ƙafar tsakiya mai tayoyi huɗu. Ita kaɗai injin ke juyawa. Ƙafar gaba tayoyi biyu, ta baya ma biyu.

Doki 192 ba wani ƙarfi ba ne ga motar da nauyinta da lodi ke kai tan 22 da rabi. Idan ka raba, kowane tan bai sami doki 9 ba. Tana tashi a hankali, kuma idan ta cika ta tarar da hawa za ka ji injin yana kuka. Amma ba don tsere aka yi ta ba. Motar da ke tsayawa bayan kowane ɗan taƙi ba ta da abin yi da gudu, abin da take bukata shi ne inji mai haƙuri da zai wuni yana tashi yana tsayawa bai ƙone ba.

Kwanakin baya na zana wa ɗan ƙanena tsarin motar a bayan kwali. Bakaniken manyan motoci ne a wajen Mando. Ya daɗe yana kallo, ya bi layin farfela da yatsa, ya tsaya a gaɓar.

“Baffa, to idan farfela ba ta ratsa nan ba, me ke tura bayan?”

Na ce babu abin da ke tura shi, jansa ake yi, yadda kan tirela ke jan bodi.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Ashe ko ni zan iya sauke mata giya ke nan.”

Maganar da nake so a ji ke nan. Yaron da bai taɓa ganin motar ba ya fahimce ta daga zanen kwali, domin babu wani abu a cikinta da ya saɓa wa abin da hannunsa ya saba. Famfon mai na ƙarfe ne, ba kwamfuta. Birki na iska ne irin na tirela. Ƙofofi iska ke buɗe su. A maimakon sifirin, jakunkunan iska ne ke ɗauke da bodin. Waɗanda na shiga a Mosko giyar hannu gare su, mai dogon sanda, direba na kokawa da ita tun asuba. Wasu biranen sun sayi masu canza giya da kansu.

Ita gaɓar, idan kana ciki, abin da za ka gani shi ne faifan ƙarfe a daɓe, da shinge na riƙewa a gefensa, da tamfol mai ninki-ninki da ya rufe bango da rufi, yana buɗewa yana tsukewa kamar zugazugin maƙeri. A ƙarƙashin faifan ne aikin yake. Dole mahaɗin ya bar bayan motar ya karkata hagu da dama a kwana, ya kuma ɗaga ya sauka idan gaba ya hau tudu baya yana ƙasa. Ta nan wayoyin lantarki da bututan iska ke wucewa zuwa birki da ƙofofin baya. Ta nan kuma wasu sandunan ƙarfe ke bi zuwa ƙafar baya, kuma wannan ita ce dabarar da mutane da yawa ba su lura da ita ba: tayoyin baya suna juyawa. Idan motar ta lanƙwasa, sandunan na karkatar da su ta kishiyar inda tayoyin gaba suka nufa, sai bayan ya bi sawun gaban, maimakon ya yanke kwana ya hau kan dakalin titi kamar yadda bodin tirela ke yi.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki. Tsakanin ƙafar gaba da ta tsakiya mita 5.4 ne kacal, wato bai kai na yawancin bas masu mita 12 marasa gaɓa ba. Saboda haka kwanar da babbar bas ta yau da kullum za ta sha, wannan doguwar ma za ta sha. Shataletale ba ya ba ta tsoro. Sai dai dabarar tana da farashinta. Da yake tayoyin baya na juyawa, ƙarshen motar yana wurgawa waje idan ta tashi daga bakin titi da kwana. Mai babur ko mai Keke Napep da ya lafe a jikin bayanta yana jiran ta ba shi hanya, shi ne wanda abin zai fara samu. A garin da kowa ke cusa kai duk inda ya ga rata, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma sai an koya wa direba da sauran masu amfani da titi.

Ƙofofi huɗun nan da ƙarancin kujeru tafiyarsu ɗaya. Masu zanen sun san lokacin da bas ke ɓatawa a tsaye ya fi wanda take ɓatawa a tafiya ciwo. Idan mutum 40 za su sauka wasu 40 su hau ta ƙofa ɗaya, an yi asarar mintoci. Ta ƙofa huɗu masu faɗi kuwa, kafin ka ƙifta ido an gama. Sun rage kujeru don a sami filin tsayuwa da hanyar wucewa. A Mosko babu kwandasta a ciki. Tikiti kake saye tun kafin ka hau, ko a wurin direba, sannan ka huda shi da wani ɗan ƙarfe da ke manne a jikin bango. Idan cunkoso ya hana ka isa, sai ka miƙa wa na kusa da kai, ya bi hannu-hannu, a huda, ya dawo maka. Ban taɓa ganin tikitin wani ya ɓace a hanya ba. Masu bincike kan hau ba zato, wanda aka kama ba tikiti ya biya tara.

Rawaya ce launin yawancin waɗanda aka kai Sobiyet. Kafin ka gan ta za ka ji ta, domin ƙafar tsakiyar tana da wani kuka mai tsawo da ke ƙaruwa idan ta ɗau gudu. Mu ɗalibai wurinmu shi ne kan faifan, saboda ko ta cika akan sami ɗan sarari a nan. Ƙafarka ɗaya na kan faifai, ɗaya na kan daɓen baya, idan aka sha kwana sai ka ji ƙasa tana murɗawa a ƙarƙashinka, gaban motar ya ɓace maka, ka hango titi ta tagar gefe, sannan ta miƙe. Can ƙarshen baya kuwa tsalle ake sha. Lokacin sanyi bayan ba ya ɗumi, domin injin yana ɓangaren gaba, kuma idan tamfol ɗin ya tsufa ya yage, iska mai ƙanƙara ta nan take shigowa. Gilashi kan daskare har sai mutum ya hura masa numfashi ya goge kafin ya gane tashar da aka iso.

Aibinta babba shi ne tsayin daɓe. Tunda inji na ƙasa, dole daɓen ya yi sama, ya kusa kai mita ɗaya daga titi, sai an taka matakala kafin a shiga. Na sha ganin tsofaffin mata da jakar cefane suna jan jiki da ƙarfen ƙofa. Mai keken guragu kuwa ba shi da rabo sai an ɗaga shi. Na biyu hayaƙi. Injin na zamanin da ba a damu da abin da ke fita daga salansa ba ne, kuma idan nozul ya gaji, baƙin hayaƙin da take bari a tasha ya isa ya sa mutum tari. A Budapest daga baya an sauya wa da yawa inji da sabon samfurin Rába mai suna D10 don rage wannan. Na uku tsatsa, musamman a garuruwan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Wannan matsala ta daɓe ce ta sa duniya ta juya wa tsarin baya. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Mercedes-Benz ya fitar da O305G, wadda injinta ke can ƙarshen baya yana turo motar gaba ɗaya. Idan inji ya koma baya, ana iya sauke daɓen ƙasa, ƙara ma ta ragu wa direba. Amma abin da ake turowa daga baya ta cikin gaɓa yana son naɗewa, musamman a titi mai santsi, don haka dole aka sa wa gaɓar na'urar mai da ke riƙe ta, tana auna yadda sitiyari ya juya da yadda motar ta lanƙwasa. A motocin yau kwamfuta ke kula da wannan. Shi ma Ikarus ya bi sahu da samfurin 435. Yawancin dogayen bas da ake sayarwa a Turai yanzu irin wannan ne.

A nan nake da ra'ayi, kuma ina riƙe da shi da ƙarfi. Motar da ake turowa daga baya ta fi daɗin shiga, ban musa ba. Amma ranar da na'urar gaɓarta ta sami matsala, motar ta zauna ke nan har sai an zo da mai kwamfutar da ya san ta, an kuma yi odar kayan daga waje da dala. Mai daɓe a ƙasa kuma cikinta na kusa da titi, ga tudun rage gudu da muke ginawa kowa da irin nasa, ga ramuka, ga ruwan Agusta da ke kwanciya a wasu wurare. Motar da ake ja daga tsakiya, mai daɓe a sama, ta fi dacewa da titinmu da hannun bakanikenmu. Matsalar matakala kuwa an riga an warware ta a wani wuri. Birnin Kuritiba na Barazil, wanda ya fara keɓe wa bas titinta a 1974, ya zo ya gina tashoshi masu dakali daidai da daɓen mota, fasinja ya biya kuɗi kafin ya shiga tashar, idan mota ta tsaya ya taka ya shiga ba hawa ba sauka. Bogota ta Kolombiya ta bi wannan tsari a 2000, Darussalam ta buɗe nata a 2016. Maimakon a sauke mota, sai aka ɗaga tasha.

Ba ina cewa a kwafo 280 yadda take ba. Injin da ke kwance kusa da ƙasa zai sha ƙurar hunturu, don haka dole a ɗaga bakin shaƙar iskarsa sama, a kuma ba shi lagireto da ya fi na Turai girma. Tagogin waɗanda na sani manya ne, amma ɓangaren da ke buɗewa ɗan kaɗan ne a sama. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna, da mutum 150 a ciki, wannan azaba ce. Tamfol ɗin gaɓa ma rana za ta ci shi da wuri, gara tun farko a koya wa masu ɗinkin tamfol namu yadda ake yin sa.

Abin da ya sa nake ganin Kaduna ta dace da doguwar bas shi ne surar garin. A miƙe yake daga arewa zuwa kudu. Ka taso daga Kawo, ka bi ta Unguwar Sarki, ka shiga titin Ahmadu Bello, ka wuce Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka haye gadar da ke tsakanin Stadium da Station, ka nufi Television da Sabon Tasha. Mafi yawan masu fita da safe wannan layi suke bi ko suke faɗowa cikinsa, kuma kogi ya tilasta wa kowa matsewa a gada. Ga lissafi mai sauƙi. Keke Napep na ɗaukar mutum 4 idan an haɗa da na gefen direba. Kafin a kwashe mutum 150 sai an sami keke 38. Tsawon kowanne ya ɗan haura mita 2 da rabi, idan ka jera su hanci da ƙeya sun kusa cin mita 100 na titi, da inji 38 suna shan mai. Ita kuwa mita 16 da rabi ta ci, da inji ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu magidancin da bai san abin da kuɗin mota ke yi wa albashi ba.

Na san masu keke za su ce to mu fa. Tambaya ce ta gaskiya, domin akwai gidaje da yawa da tukunyarsu ke kan wannan sana'a, har da na 'yan'uwana. Doguwar bas ba za ta shiga lungunan Rigasa ko Badarawa ko Narayi ba, kuma bai kamata ta gwada ba. Aikinta babban layi ne. Wanda zai ɗauko mutum daga ƙofar gida ya kawo shi tasha, ya kuma mai da shi da yamma, mai keke ne. Idan aka zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a fara aka tsara musu wurin tsayawa a kowace tasha, tafiyarsu za ta gajarta, lodinsu ya yawaita.

Akwai kuma wata fa'ida da masu zanen ba su yi tunaninta ba amma ta dace da mu. Gaɓar ta raba motar ɗaki biyu, kowanne da ƙofofinsa biyu. Matanmu da yawa ba za su yarda su tsaya a matse cikin maza ba, kuma suna da gaskiya. Ana iya keɓe ɓangaren gaba, kusa da direba, ga mata da tsofaffi da yara 'yan makaranta, ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya ba.

Ƙofa huɗu kuma ba ta tafiya da kwandasta mai bin kujera yana karɓar kuɗi yana neman canji. Landan ta kawo dogayen bas a farkon shekarun 2000, ta janye su gaba ɗaya a ƙarshen 2011, kuma cikin ƙorafin da aka yi har da masu hawa ta ƙofar baya ba su biya ba, da yadda motocin ke tare mahaɗar tituna. Idan ba a biya kafin a hau ba, ko dai a rufe ƙofa uku a bar ɗaya, a rasa amfanin motar, ko a buɗe duka a rasa kuɗin.

Ƙarshen kamfanin ya zo ne daga inda ƙarfinsa yake. Da Comecon ta watse a 1991, Tarayyar Sobiyet ma ta bi ta, babban mai saye ya tafi dare ɗaya. Aiki ya ragu ƙwarai, a 1999 kamfanin Irisbus na Yammacin Turai ya sayi kaso a cikinsa, bayan 'yan shekaru manyan masana'antun suka tsaya. A 2002 aka ƙera 280 ta ƙarshe, shekarar da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta Kakuri, wadda ta fara aiki tun 1957, ita ma ta rufe ƙofa. Na san yadda unguwa ke zama idan jiniyar canjin aiki ta daina kuka, don haka labarin ma'aikatan Ikarus ba baƙo ba ne a wurina.

Motocin kuwa sun daɗe bayan masana'antar. Warso, babban birnin Polan, sai a ƙarshen 2013 ta sallami nata. Budapest ta ci gaba da ɗaukar fasinja da su har watan Nuwamban 2022, shekara 20 bayan an daina ƙera su. Abin da ya riƙe su shi ne gareji. Kowace mota da lokacin da take shiga a duba ta ko ba ta lalace ba, akwai ramin da bakanike ke shiga ƙarƙashinta, akwai sito, kuma idan ta yi shekaru akan tuɓe ta har ƙashi a sake gina ta. Mu nan mun ga manyan bas na shirin sufurin jama'a da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1988, mun ga na bayansu, kuma mun san yadda da yawa suka ƙare a bayan katanga, tayoyi ba iska, ana ciro kayan wannan ana sa wa waccan. Saboda haka idan za a sa hannu a takardar sayen dogayen bas na layin Kawo zuwa Sabon Tasha, ina roƙon a rubuta a cikinta, da adadi da kuɗi, ramin gyara mai tsawon mita 18 aƙalla, da kayan gyara na shekara biyar, da horar da bakanikai daga cikin yaranmu na Panteka da Mando kafin motar farko ta iso.